Gorunan Baba Jemage

Tsoron ya kama ni ne a tsakiyar dariya. Muna zaune mu uku a can ƙuryar kogo, a wani fili da ba a taɓa aunawa ba, muna cin burodi da hasken fitilun goshinmu. Baba Jemage, tsohon da ke mana jagora, yana ba mu labarin ranar da ya halarci zaman makokin kansa. Dokta, shugabar aikinmu, ta yi dariya har ta ƙware, ta tashi ta koma wajen na'urar awonta tana tari. Sai na ga Baba ya daina tauna. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya karkata kai kamar mai jiran a kira sunansa.

"Iska ta sauya," ya ce a hankali. "Ruwa na tafe. To me ya hana 'ya'yana magana?"

Ban gane ba. Na juya in dubi inda yake kallo, sai jakar da ke bayana ta motsa, wani abu a cikinta ya yi kacau-kacau. Baba ya dubi jakar, sannan ya dube ni. Ni kuwa ban san abin da na aikata ba.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Har yanzu idan ƙanwata ta tara bokiti a famfo sai na bar tsakar gidan, don ba na son jin yadda ƙarar ruwa ke sauyawa in bokiti ya kusa cika. Amma ba labarin tsorona nake son bayarwa ba. Labarin tsohon nan ne, wanda katinsa na shiga kogo ke kulle a aljihun teburin Daraktan ofishinmu saboda ni.

Bara na gama jami'a, inda na karanta ilimin taswira. Wata goma sha huɗu na yi a gida ina rubuta takardun neman aiki, har mahaifiyata ta daina tambayata in na dawo, sai dai ta dubi fuskata ta ce in je in ci abinci. Daga ƙarshe ofishin da ke kula da kogon ya ɗauke ni gwaji na wata uku. In na yi abin kirki a tabbatar da ni, in na yi shirme in kama gabana. Na haddace littafin dokokin ofis kamar za a yi min jarrabawa a kansa. Doka ta huɗu ce ta fi zauna min a kai: duk ma'aikacin da ya ga shara a cikin kogo, wajibi ne ya fito da ita.

Kogon kuwa, wanda bai gan shi ba zai ce ƙari nake yi. Bakinsa kaɗai zai haɗiye bene mai hawa goma ya nemi ƙari. Sai an yi tafiyar sa'a biyu a ciki kafin a kai wani wuri da rufin ke saukowa, hanya ta tsuke ta zama kamar bututu. Masu haƙar taki suna kiran wurin Maƙoshi. Wata goma a shekara Maƙoshi cike yake da ruwa har rufi. A ƙarshen rani kawai yake buɗewa, mako shida ko bakwai, ya sake rufewa. Abin da ke bayansa ba ya cikin taswirar kowa. Aikin da aka ba Dokta ke nan, ta shiga ta auno kafin ruwa ya dawo. Duk garin kuma mutum ɗaya ne ya san hanya.

A farfajiyar ofis na fara ganinsa, yana zaune a kan kifaffen bokiti yana ɗinke takalminsa da waya. Gajere ne, ƙafafunsa sun ɗan gwame, bayansa ya ranƙwafa saboda daɗewa ƙarƙashin buhu. Hular kwanon da ofis ya ba shi tana gefensa cike da lemo. Dokta ta ce masa ga sabon ma'aikaci, da shi za a shiga gobe.

Ya auna ni da ido daga sama har ƙasa. "Kai ne mai digirin?"

"Ni ne, Baba."

"Ka iya ruwa?"

"A'a."

"Hawan dutse fa?"

"Ban taɓa ba."

"Ɗaukar kaya?"

"Wannan zan iya."

"Madalla!" Ya tafa hannu. "Dokta, Allah ya amsa addu'ata, an kawo mana jaki mai takarda."

Ya jefo min lemo ɗaya. Tun daga ranar sunana ya zama Mai Digiri.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya fara shiga kogon, yana bin bayan mahaifinsa da fatanya da buhu. Kashin jemage suke haƙowa, su kai wa masu lambu, don babu takin da ya kai shi. Daga nan laƙabinsa ya samo asali. Shekara hamsin ya yi a wannan sana'a, da ita ya rufa wa kansa asiri, ya aurar da ƙannensa, ya sa 'ya'yansa shida a makaranta. Babu ɗaya cikinsu da ya gaje shi, kuma ya ce bai ga laifinsu ba, tunda su hancinsu na aiki. Da ofis ya zo ya kewaye bakin kogon da waya, aka ce ba mai shiga sai da kati. Shi aka ba shi katin jagora, saboda ma'aikatan farko da suka shiga ba tare da shi ba sai da ya je ya nemo su. Matarsa ta ɗinka wa katin 'yar jaka, yana rataye da shi a wuya ko wanka zai yi.

"Ban iya karanta abin da ke jikinsa ba," ya ce min, "amma hoton ya yi kama da ni in ina fushi."

Da safen da muka shiga, shi ne a gaba, Dokta a tsakiya, ni a baya da babbar jaka. Tafiya yake yi kamar a tsakar gidansa, bakinsa kuma bai huta ba. Kowane dutse yana da suna. Akwai wani da ya reto daga sama ya tare hanya, ya ce wannan Surukarsa ce, ba a wuce ta sai an rusuna. Na yi dariya ban rusuna sosai ba, ta ƙwale min hula.

"Ka gani ko? Haka take, ba ta raina gaisuwa amma tana lura."

Dab da shiga Maƙoshi akwai wata tsaga a jikin bango ta hannun hagu, ruwa na ɗan tsiyaya daga cikinta. Na ga Baba ya tsaya a wurin, ya sunkuya, ya taɓa wani abu yana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka addu'a yake yi. Suka wuce. Da na iso wurin na haska, sai na ga tsohuwar gorar roba, duk ta yi laka, an ɗaure ta da igiya a jikin ƙusa kusa da ƙasa. Sama da ita kaɗan ga wata, can sama daidai ƙirjina ga ta uku. Kowacce da 'yan tsakuwa a ciki. Na ce a raina, kai, mutane ba sa jin magana, har nan ma sai da suka kawo shara. Na zaro wuƙa na yanke igiyoyin, na cusa gorunan a jaka. Har na tsara yadda zan ajiye su a teburin Darakta, ya san ya ɗauki ma'aikacin da ya san doka ta huɗu.

Maƙoshi a bushe yake a lokacin, sai yashi mai laushi. Muka bi shi a sunkuye na minti ashirin, wani wurin har da rarrafe. Sai kawai rufin ya ɓace. Na miƙe na ɗaga kai, hasken fitilata ya tafi bai sami abin da zai dafa ba.

Ban san yadda zan kwatanta filin nan ba. Dokta ta kunna babbar fitila, muka ga duwatsu farare sol suna saukowa daga sama kamar labule, wasu sun taso daga ƙasa sun fi itacen dabino tsawo. Ga wani tafki a tsakiya, ruwansa garau har sai da na taka shi ban san ruwa ba ne. Bango yana ƙyalli kamar an watsa masa gishiri. Dokta, wadda ban taɓa ganin haƙoranta a ofis ba, ta cire hula ta yi guɗa, guɗar ta tafi ta dawo mana sau huɗu. Baba ya tsaya da hannu a ƙugu kamar mai gidan da baƙi suka yaba wa ɗaki.

"Shekara arba'in ina gaya wa mutane," ya ce, "suna cewa warin taki ne ya taɓa min kai. Mai Digiri, rubuta da kyau. Ka rubuta cewa tsohon bai yi ƙarya ba."

Muka yi awo na sa'a uku. Ni ke jan tef, Dokta na karanta lamba, Baba na riƙe fitila yana ba duwatsu sababbin sunaye. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Da muka zauna cin burodi ne ya ɗauko labarin makokinsa.

Ya ce watansa uku da aure ya ƙetare Maƙoshi shi kaɗai, don takin da ke bayansa ba wanda ya taɓa shi. Sararin sama fes ya baro a waje. Abin da bai sani ba a lokacin shi ne, ruwan Maƙoshi ba daga garin yake zuwa ba. A can kan duwatsu masu nisa ake yin sa, ya biyo ta ƙarƙashin ƙasa, mutanen gari na shanya, shi kuwa yana tafe. Kafin ya cika buhu biyu hanya ta rufe. Kwana huɗu ya yi a kan wani tudu da rabin burodi. A na biyar ruwa ya ja baya da kamar tafin hannu, ya bi ta nan hancinsa na gogar rufi. Da ya iso gida ya tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, mutane sun cika. Laka ta rufe shi har ba a gane shi, sai ya raɓa gefe ya zauna, ya tambayi na kusa da shi wa ya rasu.

"Ya ce min ai mai haƙar takin nan ne. Na ce Allah sarki, mutumin kirki ne kuwa? Ya ce to, ba laifi, sai dai surutu da wari."

Nan ne Dokta ta ƙware. Nan ne kuma Baba ya lashi yatsa ya ɗaga sama, jakata ta yi ƙara.

"Buɗe," ya ce, murya ƙasa yadda Dokta ba za ta ji ba.

Na buɗe. Ya zaro gorunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su. "Babba. Ta-tsakiya. Auta. Duka ka kwaso?"

"Na ɗauka shara ce, Baba."

"Shara." Ya gyaɗa kai. "Saurara, Mai Digiri. Ta tsagar nan ruwa ke fara fitowa. In ya ɗaga Babba, sai ta dinga bugun dutse, ƙarar ta biyo Maƙoshi har nan. In ta yi magana, a tattara kaya. In Ta-tsakiya ta yi, a bar kaya a tafi. In Auta ta yi, ba a shiga Maƙoshi, sai a hau tudu a jira ikon Allah."

Na ce, "Yanzu wacce ce ya kamata ta yi magana?"

"Shi ne ban sani ba, tunda ga su a hannuna sun yi tsit kamar amare."

Ya mayar da su jakar, ya ɗaga murya ya ce wa Dokta ruwa ya taso, a tattara. Da muka isa bakin Maƙoshi, yashin da muka taka da safe babu shi, sai jan ruwa yana gudu, ya kai gwiwa. Baba ya kafa sandarsa, ya yi alama da farce daidai inda ruwa ya tsaya, ya rera wata 'yar waƙa tasa ta masu taki daga farko har ƙarshe, sannan ya duba. Ruwan ya haura alamar da yatsa biyu.

"Akwai hanya, amma ba ta masu kaya ba ce. Dokta, hau da na'urarki can saman tudu, ruwa bai taɓa kaiwa wurin ba."

"Baba, ka san kuwa na'urar nan ta fi motar Darakta daraja?"

"Ita ma motar Darakta ba ta iya ruwa ba. Hau, 'yata."

Tana hawa ya juyo gare ni. Ya ɗaure bakin gorunan tamau, ya cusa su cikin rigata, biyu a ƙirji ɗaya a ciki, ya ɗaure min ƙugu da igiya don kada su zame.

"Tunda ka sato su, sai su riƙe ka. Kama ɗamarata, kada ka saki ko na zage ka."

Shi a gaba, ni a bayansa, Dokta a ƙarshe da igiya. Ruwan sanyi ne kamar ana yanka mutum. Ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Inda muka yi rarrafe da safe, sai da muka kwantar da kai gefe, kunne ɗaya a ruwa, hula na gogar rufi. Ban san lokacin da na fara kiran mahaifiyata ba. Baba kuwa hira ya ɗauko, yana ihu don ya rinjayi ƙarar ruwa.

"Mai Digiri! Kana da budurwa?"

"Babu, Baba!"

"Na ba ka Auta! Ba ta cin abinci, ba ta neman ɗinki!"

A nan ƙafata ta zame. Ƙasa ta ɓace, ruwa ya rufe min fuska, fitila ta koma ja. Sai na ji an turo ni sama daga ƙirji, hancina ya fito, tsakuwa na ta kacau-kacau a cikin rigata. Hannuna na nan a ɗamararsa. Ya waiwayo, ruwa har haɓarsa, yana dariya.

"Ka ji su ko? Sai yanzu suka tuna da magana!"

Ban san minti nawa muka yi ba. Na dai san rufi ya fara ɗagawa, ruwa ya koma wuya, ya koma ƙirji. Muka wuce tsagar nan, na haska, na ga ƙusa biyu sun nutse, ruwa na lasar ta uku. Baba ma ya gani. Ya dai ƙara sauri.

Da muka fito, rana ce tarwai, ko gajimare babu, wata mata na shanya a bayan waya. Can nesa kan duwatsu ne kawai sama ta yi baƙi. Muka zube a kan ciyawa. Dokta ce ta fara dariya, Baba ya kama, ni ma na kama, ina yi ina hawaye. Ya laluba aljihu ya zaro lemo ɗaya da ya tsira, ya raba mana uku.

Washegari Darakta ya kira mu. Ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne irina, kuma an bar na'urar ofis a inda ba za a iya ɗauko ta ba sai baɗi. Ya tambayi Baba ina gorunan da ake ta ba da labari, me ya sa ba su yi gargaɗi ba. Ina tsaye a bayan Dokta.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "ƙila sun yi magana ban ji ba. Kunne ya tsufa."

Darakta ya ce jagoran da ba ya ji ba zai riƙa shiga da mutane ba, ya miƙa hannu. Baba ya cire katin daga wuyansa ya ajiye a tebur. Na buɗe baki, na tuna wata goma sha huɗun nan da fuskar mahaifiyata, na rufe. Da zai fita ya kashe min ido ɗaya.

Kwana tara na yi da abin a cikina. Ina zuwa ofis, ina zana taswirar filin da muka auno, kowane layi na ja sai na ji muryarsa yana raɗa wa dutse suna. Abinci ya daina min daɗi. A rana ta goma na tambayi gidansa na tafi.

Gidan ƙarami ne, amma lambun da ke bayansa ya fi na kowa a layin, kabewa kamar kan jariri, tumatir har ya karya sanda. A jikin bangon tsakar gida an rataye goruna sun fi ashirin. Wata doguwar tsohuwa na zaune a gaban keken ɗinki. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne ɓarawon 'ya'ya?"

Na durƙusa na gaishe ta, kunya kamar ƙasa ta tsage.

"Tashi, jikana, ai ba a yi wa mai kyau faɗa. Tsohon nan! Fito ga surukinka."

Inna, matar Baba, ita ce ta ƙarasa min labarin da ruwa ya katse. Ta ce bayan makokin nan ta rantse ba zai koma kogo ba sai ya sami wanda zai riƙa gaya masa ruwa na tafe. Wata rana tana wanki, goran duma ya faɗa cikin baho yana ta bugun gefe, ƙwas, ƙwas. Ta zuba masa tsakuwa ta sake jefawa, ta kira shi ta ce ga ɗan aikenka. Da duma suka fara, ɓeraye na cinyewa, har roba ta zo. Allah ya ba su maza shida babu mace ko ɗaya, shi ya sa gorunan suka zama 'yan matan gidan.

"Kullum sai ya ce shi ya ƙirƙiro," ta ce.

"Ni na sa musu suna," in ji Baba daga bakin ƙofa. "Suna ai shi ne rabin haihuwa."

Ya rame. Hannunsa na ta kaiwa wuyansa inda katin yake a da. Inna ta ce kullum da safe sai ya shirya tsaf, ya ɗauki sanda, ya kai ƙofar gida ya zauna. Jiya ta kama shi yana auna ruwan randarta da tsinke.

"Ku zo ku ɗauke min shi, ya ishe ni," ta ce da ƙarfi. Da ya shiga ɗauko min kujera kuma ta rage murya. "Ɗan nan, mutumin nan a kogo ransa yake. In aka raba su, ban san me zan riƙe ba."

Da Baba ya dawo na ce masa zan faɗi gaskiya. Ya ɓata rai, karo na farko da na ga ya yi kama da hotonsa.

"Ni na ci shekara hamsin a kogon nan. Kai ko wata ɗaya ba ka ci a aiki ba. Kuma laifin wa? A cikinmu masu taki, yaron da bai iya tsarki ba ma ya san ba a taɓa gorar wani. Shi ya sa ban yi tunanin gaya maka ba. Baƙo ya zo gidana ban gabatar masa da 'ya'yana ba, ai ni ne marar ladabi."

"Amma kunnenka lafiya lau yake, Baba."

"Lafiya lau? Yana jin abin da ba a faɗa ba ma," in ji Inna. "In ka ga bai ji ba, aikensa na yi."

Da na koma gida na gaya wa mahaifiyata komai. Ta ce aikin da aka gina a kan bayan tsoho ba zai yi albarka ba, in je in rubuta, in an kore ni tukunyarta ba ta gaji da ni ba. Na rubuta shafi biyu. Na kai wa Dokta tare da gorunan uku. Ta karanta a tsaye, ta dube ni ta daɗe.

"Wato ƙarar da na dinga ji a Maƙoshi ke nan? Wallahi na ɗauka haƙoranka ne."

Ta yi min faɗa sosai, ta yi wa kanta, don ita ma ta san da gorunan ba ta gaya min ba. Sannan ta ɗauki takardar ta shiga wajen Darakta ba sallama.

Ranar Talatar da ta wuce kwamiti ya zauna. Na maimaita abin da na rubuta. Wani daga cikinsu ya ce duk da haka tsohon da bakinsa ya ce ba ya ji. Sai Dokta ta sa aka cika baho da ruwa a can ƙarshen baranda, bayan ƙofa biyu. Aka zaunar da Baba ya ba ƙofa baya, Darakta da kansa ya je ya jefa gora ɗaya yana kaɗa ruwan.

"Ta-tsakiya ce," in ji Baba tun ba a tambaye shi ba. "Tsakuwarta biyar, muryarta ta fi kauri."

Aka sauya. "Auta. Sannu, 'yar lele."

Aka sake. Ya karkata kai. "Wannan ba 'yata ba ce. Ranka ya daɗe, makullan motarka ne ka zuba a gorar ofis."

Darakta ya dawo hannun rigarsa a jiƙe, yana dariya har da riƙe ƙofa. Kwamitin ya rubuta shawarar a mayar wa Baba katinsa, a kuma sa gorunan cikin littafin dokoki, a ƙarƙashin doka ta huɗu, don kada wani mai digiri ya sake share su. Amma katin da aka karɓa ba ya komawa sai da sa hannun babban ofis, kuma a can akwai masu ganin shekarunsa sun yi yawa ko da kunne ko babu. Batun aikina ma yana cikin ambulan ɗin da aka aika.

Maƙoshi ya rufe yanzu har rufi, na'urar Dokta na can kan tudu tana jiran baɗi. Baba ya riga ya yanka sababbin igiyoyi uku, ya ce in an buɗe da hannuna zan ɗaura su, in kuma nemi gafarar kowacce da sunanta. Jiya na biya ta gidan, na tarar da shi a ƙofa da sandarsa, Inna na ɗinka wa katin sabuwar jaka. Ya tambaye ni ko takarda ta zo. Na ce tukuna.

An ce amsa za ta iso cikin mako biyu. Yau kwana shida, ba ta zo ba.